DOT 3, DOT 4 ko 5.1? Ciko ko bilidin? Ga mai tsaye shagon sifiya ya rasa man birkin da zai ɗauka

Ƙanen matata ya sayo Corolla 'yar Kwatano watan da ya wuce. Ya sauya baƙin mai, ya sauya man giya, ya sa sabbin tayu huɗu, har kafet ya sake mata, sai jiya bayan la'asar ya kira ni wai ga shi tsaye shagon sifiya an jera mashi kwalabe uku bisa kanta, DOT 3 da DOT 4 da 5.1, mai shago na ce mashi mai babbar lamba ya fi, bakanikenshi kuma na gefe na cewa duk kanwar ja ce, ya ɗauki mai araha a cika kofin man birki a wuce wurin. Na ce mashi ya aje su duka ya iske ni gida tukuna. Abin da na zayyana mashi a daren shi ne wanga, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba.

Ni abin da ya sa ban ɗaukar maganar da wasa, an taɓa gwada min. Shekarun baya cikin watan Afrilu, irin ranar nan da ko sitiyari ba ka iya riƙewa sai da tsumma, muna dawowa daga Illela da tsohuwar Camry ɗina, mu biyar ciki, but kuma cike da buhunnan albasa da wani ɗan'uwa ya laƙa min. Mun baro Gwadabawa kenan sai ga garken awaki sun ratso titi, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka cikin kunu. Na saki na sake takawa, na sake, a na uku ya ɗan kama, na jawo giya ƙasa, Allah Ya tsare ko akuya ɗaya ba mu taɓa ba. Da na faka na fito tayar gaba ta hannun dama wari take kamar an ƙona roba, na yarfa ma rim ɗin ruwan leda ya yi cuuu. Munka zauna gindin dogonyaro kusan minti arba'in, na koma na taka, birki ya dawo garau kamar ba shi ya yi niyyar kashe mu ba.

Washegari na kai ta gareji. Ogan ya buɗe bonet ya leƙa ya ce, "Alhaji iska ta tash shiga, bari a ƙara mai." Na ce, "Oga, in iska ta, tau mi yaf fidda ita da kanta muna zaune gindin icce?" Ya yi dariya ya ce ikon Allah. Sai wani dattijon bakanike da na je wurinshi daga baya ya kwance tayar, ya nuna min fistin ɗin kalifa, ƙarfen nan da ke matse birki cikin taya, ya yi tsatsa ya cije, ashe tun Illela fad ke goga dis ba ya saki, zafi ya taru har man ya tafasa. Da ya kwance nifil, ɗan notin da ake fidda man birki ta wurinshi, abin da ya fito kalar shayin buzaye ne, har da ɗan tsaki-tsaki a gindin kwalba. Na yi shekara biyar da motar ina ta ciko, ban taɓa yin bilidin ba, wato a zubar da tsohon man a sa sabo.

Abin da ke faruwa ba wani sihiri ba ne. Birki na aiki don mai ba ya matsuwa, in ka taka feda, masta, wato famfon da ke bayanta, ya tura shi cikin fayif, shi kuma ya tura fistin ya matse fad jikin dis. Tururi kuwa yana matsuwa kamar soso. Man birki irin na DOT 3 da 4 da 5.1 yana da halin zuƙar laimar iska a hankali, ta marfin kofi da ta jikin tiyon roba, kuma ruwa digiri 100 kawai yake jira ya tafasa, don haka duk yadda ruwa ya ƙaru cikin man, juriyarshi ga zafi na raguwa. Ranar da ya tafasa cikin kalifa, ƙarfin ƙafarka duk wurin matse tururi zai ƙare. In ya huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, kai kuma ka ɗauka aljanun hanya ne.

Na san abin da mutum zai ce, ai Sakkwato ba Legas ba ce, ina munka ga laima, leɓe ma tsagewa yake da hunturu. Gaskiya ne rabin shekara iskarmu a bushe take, kuma ba mu da gangara irin ta Hawan Kibo da mutum zai yi ta riƙe birki. Amma daga Yuni zuwa Satumba fa? Ga kududdufan cikin gari da muke kutsawa har rabin taya, ga yaran wankin mota da ke buɗe bonet su saita tiyo bisa komai, ga motar ita kanta wadda ta yi shekara goma sha a Turai ko Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta zauna bakin teku a Kwatano ko Legas, ba wanda ya san ranar da anka sauya mata mai na ƙarshe. Sannan da bazara rana na haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen birkinka tun kafin ka taka ya riga ya ɗau zafi.

Tau da mi za a auna? Ni abu shida nake dubawa. Na farko, wanda ya fi sauran duka, mi anka rubuta bisa marfin kofin man birkin motarka, don kusan kowace mota an buga shi nan. Sai juriyar zafi, kuma lamba biyu ce ba ɗaya ba, ta sabon mai da ta man da ya riga ya sha ruwa. Sai tsawon lokacin da zai kai, sai kuɗi, sai sauƙin samu da sauƙin aiki a garinmu, sai kuma hatsari, wato jabu ko kuskuren da zai ci maka masta ko famfon ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi.

Kalmar DOT ɗin daga ma'aikatar sufuri ta Amurka ta samo asali, su sunka gindaya mafi ƙarancin zafin da kowane aji zai jure kafin ya tafasa. Lambar "ya sha ruwa" kuma ana auna ta ne in ruwan ciki ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari.

DOT 3 shi ne na gargajiya. Sabo yana jure aƙalla digiri 205, in ya sha ruwa 140. Yawancin Toyota da Honda da ke yawo cikin garin nan, Corolla, Camry, Accord, Civic, Sienna, shi ke rubuce a marfinsu. Shi ya fi araha, ba shagon da za ka shiga ka rasa shi, har mai sayar da baƙin mai bakin titi yana da shi, kuma nan matsalar take, don abin da ya fi tafiya a kasuwa shi masu jabu sunka fi bi. Amma in na kirki ne kuma a rufe yake, ga motar da kamfaninta ya ce DOT 3, ba abin da ya rage ta da shi. Duk wanda ya ce maka tsohon yayi ne ba ya aiki, so yake ya sayar maka da wani.

DOT 4 sabo digiri 230, in ya sha ruwa 155. Motocin Turai, Golf, Sharon, Peugeot 406, Vectra, Marsandi, shi suke so. Asalinshi ɗaya da DOT 3, an dai ƙara mashi sinadarin da ke ɗaga juriyar zafi, don haka suna gauraya ba tare da wani abu ya lalace ba. Ƙa'idar kawai ita ce ana hawa ba a sauka, motar DOT 3 tana iya shan DOT 4, motar DOT 4 kada a ba ta DOT 3. Kuɗinshi ya ɗara na 3 amma ba ratar da za ta hana mutum barci ba, kuma ana samunshi cikin gari ba wahala, manyan gidajen mai ma da ke da wurin sabis suna aje nasu. Shi ma fa yana shan ruwa, kada wani ya ɗauka don ya sa 4 shi kenan ya huta har abada.

Ku dubi lambobin nan da kyau don nan maganar take. Sabon DOT 3 yana da 205. Tsohon DOT 4 da ya sha ruwa yana da 155. Wato mai ɗan arahan da anka zuba yau ya fi mai tsadan da ya shekara huɗu cikin mota da ratar digiri 50. Gardamar da ake yi bisa kanta tsakanin 3 da 4 kuwa, in duk sababbi ne, ratar 25 ce kawai.

DOT 5.1 sabo 260, in ya sha ruwa 180. Mai kyau ne, ba ƙarya, dangin 3 da 4 ne kuma yana gauraya da su. Sai dai babban abin da anka yi shi dominshi bayan juriyar zafi shi ne kada ya yi kauri cikin sanyi mai tsanani, gwajin nashi a digiri 40 ƙasa da sifili ake yi, mu kuwa sanyinmu iyakarshi a hura wuta ƙofar gida da asuba a saka rigar sanyi. Ya fi sauran tsada nesa, ba ko'ina ake samunshi ba, in kuma tiyo ya fashe maka a Talatar Mafara ba shi za ka samu ba, 4 ko 3 za ka ƙara, ka ga kuɗin da ka kashe ya tafi a banza. Ga mai zuwa ofis da kai yara makaranta, ni ban ga abin da zai ƙara mashi ba.

DOT 5, wanda ba ɗigo ɗaya a bayanshi, wannan wata dabba ce daban, kuma sunan na yaudarar mutane su ɗauka ƙanen 5.1 ne. Da silikon anka yi shi, kalarshi shunayya, ba ya zuƙar ruwa kuma ba ya cin fenti, amma ba ya gauraya da sauran, kuma ba a sa shi motar da ke da ABS don yana kumfa in famfon ya fara bugawa. Ruwan da ya samu shiga kuma ba ya narkewa ciki, taruwa yake wuri ɗaya ya ci ƙarfe. Na motocin soja ne da tsofaffin motocin ajiya da wasu babura. In ka gan shi ka wuce.

Sai na biyar, wanda ba shi da lamba, man awo. Kwalbar da ke buɗe bisa benci a gareji tun bara, ko wanda ake tsiyayowa daga galan a ɗura maka cikin robar ruwa. Shi ya fi komai araha kuma shi ya fi sauƙi, ba sai ka je ko'ina ba, "Oga akwai saura a zuba maka". Ko da asalinshi mai kyau ne, tun ranar da anka fasa marfin yake shan iska, ga ƙurar hunturu. In kuma tsautsayi ya sa an zuba shi da mazurarin da anka zuba baƙin mai ko man sitiyari, tau ka shiga uku, don man fetur da danginshi kumbura robobin birki suke, masta da kalifa da tiyo duk sai an sake su. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in mai ya tsiyaye masu a daji, ban ce komai ba ga wanda dare ya yi ma tsakanin Tureta da Dange yana son ya lallaɓa ya iso, amma wanda ya iso ya bar shi ciki har sati, wannan da ran fasinja yake wasa.

| Mai | Sabo | Ya sha ruwa | Kuɗi | Samu a Sakkwato | Hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| DOT 3 | 205 | 140 | mafi araha | ko'ina | jabu, kuma bai dace da motar DOT 4 ba |
| DOT 4 | 230 | 155 | ya ɗan ɗara | ba wahala | jabu |
| DOT 5.1 | 260 | 180 | mai tsada | sai an nema | a rikita shi da DOT 5 |
| DOT 5 | 260 | 180 | mai tsada | da wuya | ba ya gauraya, ba na ABS ba |
| Man awo | ba a sani ba | ba a sani ba | kusan kyauta | kowane gareji | ruwa, ƙura, gurɓata |

Maganar jabu a taƙaice, ka duba takardar azurfar da ke liƙe bakin kwalba ba a taɓa ta ba, man ya kasance garai-garai ko ɗan rawaya-rawaya kamar man gyaɗa mai kyau, ka saya inda in an samu matsala za ka iya komawa ka iske mai shagon. Kuma ka sayi daidai abin da za a zuba, ragowar rabin kwalba da za ka jefa but ta shekara ba ta da amfani.

Yanzu tambaya ta biyu wadda ƙanen nawa bai ma san akwai ta ba, wane irin aiki za a yi da man. Nan ma hanya huɗu ce.

Ciko. A buɗe kofi a ƙara har layin sama. Minti ɗaya, ƙaramar kwalba, ko bakanike ba ka buƙata. Matsalar ciko ita ce man birki ba ƙonewa yake kamar baƙin mai ba, in ka ga ya sauka ɗayan biyu ne, ko fad ya cinye fistin ya fito waje mai ya bi shi, ko kuma akwai inda yake yoyo. In fad ne, ka cika kofi ka kashe fitilar dashbod da ke ƙoƙarin gaya maka gaskiya, ranar da anka sa sabon fad anka maida fistin ciki kuma man ya yi ambaliya bisa fenti, shi kuwa cin fenti yake. In yoyo ne ka rufe ido ga abin da zai fashe gaba ɗaya wata rana. Ko a yi ciko sau ɗari man da ke can ƙasa cikin kalifa, inda zafin yake, bai motsa ba. Abin da na yi shekara biyar ina yi kenan.

Zuƙe na kofi. A sa sirinji a zuƙe baƙin da ke cikin kofi a zuba sabo. Ido zai ga mai fari tas, mai mota ya ji daɗi ya biya. Ya fi ciko da kaɗan, amma fayif da kalifa da silindar baya duk tsohon ne ciki, bayan sati biyu kofin ya sake duhu. Wasu garejin wannan suke yi su ce maka an sauya man birki. In ba ka ga an tuɓe taya ko an shiga ƙarƙashin mota da sifana ba, ba a sauya ba.

Bilidin na ƙafa, mutum biyu. Wannan shi ne aikin gaske da kowane bakaniken kirki ya iya. A zuƙe na kofi a cika da sabo, sannan a bi tayu huɗu ɗaya bayan ɗaya, a yawancin motoci ana farawa da wadda ta fi nisa da masta, wato ta baya hannun dama, a ƙare da ta gaban direba, ko da yake wasu kamar Honda nasu jerin daban ne. Yaro na ciki yana taka feda, oga na ƙasa da sifana 8 ko 10 bisa nifil, ka ji ana "fomfa! riƙe! saki!" har sai man da ke fita ya koma kalar wanda ke cikin kwalba. Ƙaramar mota lita ɗaya ta ishe ta har da ragowa, aikin bai kai awa ɗaya ba in nifil bai cije ba, kuma kuɗin mai da na aiki duka ba su kai cika tankin fetur sau ɗaya ba. Shekara biyu ka huta. Marsandi shekara biyu-biyu ta ce a sauya, Volkswagen ta ce bayan ukun farko a koma biyu-biyu, Honda ta ce uku ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba.

Amma nan ne ya kamata ka ja benci ka zauna kusa, kada ka tafi cin tuwo ka dawo. Abu uku nake sa ido kansu. Kada a bar kofi ya ƙafe ana cikin aiki, yaron da ke ciki ba ya gani, ogan da ke ƙasa ba ya gani, in iska ta bi ta masta ta shiga famfon ABS, a wasu motocin sai an kawo kwamfuta kafin ta fita. Na biyu, a tsohuwar mota kada yaro ya dinga danna feda har tana dukan ƙasa, don robar masta za ta bi ta wurin da ba ta saba zuwa ba inda tsatsa ta taru ta yage, shi ya sa kake jin mutum na cewa lafiya lau birkina yake sai da anka yi min bilidin masta ya mutu. Ɗan guntun katako ƙarƙashin feda ya raba gardama. Na uku, a sa siririn tiyo mai nuna ciki a bakin nifil zuwa cikin kwalba, ka ga kala da kumfa da idonka, ba a bar shi yana tsartuwa bisa fad da taya ba. Dattijon nan da na faɗa robar ƙarin ruwa ta asibiti yake amfani da ita, sabuwa, ya ce ba abin da ya kai ta. Nifil da ya shekara goma ba a taɓa shi ba kuma a jiƙa shi da man kwance tsatsa a ba shi lokaci, in an yi mashi ƙarfi ya karye ciki aikin awa ɗaya ya koma neman kalifa.

Bilidin na na'ura. Ana ɗaura wata tukunya mai iska bisa kofi ta dinga tura sabon mai, ko a zuƙo ta nifil, ba mai taka feda. Ya fi tsabta, masta ba ya wahala, kofi ba ya ƙafewa, in an haɗa da kwamfuta har man da ke cikin famfon ABS ana iya motsawa. Ya fi tsada, kuma ba kowane gareji ke da kayan ba, sai wuraren da ke duba mota da kwamfuta. Ka tambaya ka ga na'urar da idonka kafin ka yarda da kuɗin.

| Aiki | Kuɗi | Tsohon man da ke fita | Ya kai yaushe | Hatsari |
|---|---|---|---|---|
| Ciko | kaɗan | babu | bai gyara komai ba | yana ɓoye yoyo da cinyewar fad |
| Zuƙe na kofi | kaɗan | na sama kawai | 'yan makonni a ido | ka ɗauka an yi aiki |
| Bilidin na ƙafa | matsakaici | kusan duka | shekara 2 | iska, robar masta, nifil |
| Bilidin na na'ura | ya fi tsada | duka | shekara 2 | ƙanƙane, sai dai samun wurin |

Akwai wani ɗan abin gwaji kamar biro mai fitilu, ana tsoma bakinshi cikin kofi ya nuna kashi 1, 2, 3 ko 4 na ruwa. Ba shi da tsada, ba kuma alƙali ba ne don na kofi kawai yake ji, amma in ya nuna 3 ba sauran gardama. Kala ita kaɗai ba hujja ba ce, mai na iya zama garau alhali ya sha ruwa.

Tunda an riga an tuɓe tayu, asara ce a maida su ba a duba sauran ba. Fad in naman ya sauko milimita 3 a sauya, kuma gefe biyu tare, kada a sa sabo dama a bar tsoho hagu. In ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, kalifa ce ke cijewa, a ciro fil-fil ɗin da take zamewa kansu a wanke a shafa masu giris ɗin birki, ba baƙin giris na biyarin ba. 'Yar robar da ke rufe fistin in ta yage, da ƙurar garin nan wata biyu ya isa. Tiyon roba a lanƙwasa shi a gani ko ya tsattsage, rana na cin su ƙwarai. Dis kuma akwai mafi ƙarancin kaurinshi a buge jikinshi, in ana ta kai shi wurin mai injin ana fere shi har ya wuce nan, zafi zai dinga ɗauka da wuri. Fad ɗin Beljiyam da fad ɗin liƙi, wanda ake liƙa ma tsohon ƙarfe sabon nama, maganarsu doguwa ce, ni dai na liƙi ban sa ma motar da iyalina ke shiga. Wani abu kuma da ba na mota ba, don Allah a bar shafa man birki a ciwo ko ƙaiƙayin yatsu, na sha ganin yaran gareji na yi, guba ne, a kuma ɗauke shi inda ƙananan yara ke kaiwa.

Tau wa zai ɗauki wane?

In motarka Toyota ce ko Honda ta cikin gari, gida zuwa ofis, Mabera zuwa Gawon Nama, marfi ya ce DOT 3, ɗauki DOT 3 rufaffe lita ɗaya a yi bilidin na ƙafa kana zaune, ka rubuta kwanan wata jikin takardar mota. In bambancin kuɗin bai dame ka ba ka ɗauki 4, ba laifi.

In sabuwar shigowa ce daga Kwatano ko Legas, kamar ta ƙanen nawa, kada ka jira shekara biyu kuma kada ka yi ciko, a zubar da na ciki duka cikin satin farko tare da baƙin mai. Shi DOT 4 na ce ya ɗauka don ya ce kowane wata zai dinga zuwa Kaduna.

In direban haya ne kai, Sharon ko Golf ko Homa, Sakkwato zuwa Gusau, Illela, Jega, Birnin Kebbi, lodi har bisa rufi, ga ramu ga shingaye ga tudun rage gudu kowane ƙauye, DOT 4 ba tare da tunani ba, kuma ni da zan ba ka shawara duk shekara ne, bayan damina ta ɗauke, kafin bazara ta kama. Ka aje ƙaramar kwalba rufaffiya a mota saboda hanya. In kulocinka na mai ne a tuna da shi, wasu motocin kofi ɗaya suke sha da birki.

In Marsandi ce ko BMW ko sabuwar jif mai tarin na'urori, bi littafinta harafi da harafi, wasunsu DOT 4 na musamman marar kauri suke so, kuma ka nemi mai na'ura da kwamfuta ko da zai kai ka jira kwana biyu, famfon ABS ɗaya ya fi kuɗin bilidin na shekara goma.

5.1 na bar ma mai Hilux da ke jan kaya masu nauyi ko mai yawan bin hanyar Jos da gangarenta, in yana da tabbacin inda zai dinga samunshi.

In kuma yau aljihu ba nauyi, fitila ta kama, mai ya sauka ƙasa da layi, a fara tuɓe taya a ga fad, a leƙa bayan kowace taya da ƙarƙashin masta a ga ko akwai jiƙa. In ba yoyo, a yi ciko da ƙaramar kwalba sabuwa irin lambar da ke marfi, bilidin ya jira albashi. In akwai jiƙa ko feda na nutsewa a hankali kana tsaye a danja, motar ta kwana gareji ka hau Keke Napep.